Filin Tambaya da Amsa: Bargon Zanen Yara Domin Tara wa Makaranta Kuɗi

A fitowar da ta gabata, yayin da muke magana a kan sana'o'in hannu da makarantu za su iya amfana da su, mun ambata a taƙaice cewa a Amurka akan ba kowane yaro a aji ƙyalle guda ya yi zane a kai, a harhaɗa ƙyallayen a ɗinka bargo, sannan a sayar da shi a taron iyaye domin makaranta ta samu kuɗin shiga. Wannan 'yar magana ta jawo wasiƙu da dama, kuma ga waɗanda muka zaɓa mu amsa a wannan karo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta unguwa, kuma ina riƙe da aji uku mai yara talatin. Tagogin ajinmu sun lalace, littattafan karatu ma ba su ishe mu ba, kuma iyaye sun gaji da jin an ce a kawo kuɗi. Da na karanta maganar bargon nan sai na ga kamar abin da za mu iya ne kafin ranar rabon kyaututtuka. Ina roƙon ki yi mini bayanin irin yadin da ya kamata mu saya, da kalar da ba za ta fita a wanki ba, da yadda ake haɗa shi, domin ɗinkina bai wuce na gyaran kayan gida ba. Sannan yawancin yarana ba su iya zane mai kyau ba. Shin zai fi kyau malamin zane ya fitar musu da hotunan, su kuma su cike da kala kawai?
Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin sauran duk a kanta suka rataya. Kada ki bari wani babba ya zana wa yaran komai, kuma kada ki gyara musu abin da suka zana. Duk uban da ke neman abin rufa saboda sanyin hunturu ya san hanyar kasuwa, kuma a can zai samu bargo mai kauri da laushi a kan kuɗin da bai kai abin da za ku nema ba. Abin da zai sa ya ɗaga hannu a wurin taro ya ƙara a kan tayin wani shi ne ya hango, a layi na uku daga sama, wata karkatacciyar mota mai ƙafa biyar, ga sunan ɗansa a ƙarƙashinta an rubuta harafi ɗaya a juye. Idan malamin zane ya fitar da furanni talatin masu kama ɗaya, yara suka cike su da kala, za ki samu bargo mai tsari amma babu wanda zai yi ja-in-ja a kansa.

Waɗanda suka saba da wannan aiki ma a kan haka suka gina shi. Matan Amurka sun daɗe suna tara wa al'umma kuɗi da bargon haɗe-haɗe. A lokacin yaƙin basasar ƙasar, tsakanin 1861 da 1865, matan arewacinta sun ɗinka wa sojoji barguna, sun kuma sayar da wasu a bukukuwan tara gudummawa, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi wasu domin ƙungiyar Red Cross, inda mutum kan biya 'yan kuɗi a rubuta sunansa a jiki, bayan ya cika da sunaye a sake sayar da shi. Har yanzu a gundumar Lancaster ta jihar Fensilbaniya ana gwanjon irin waɗannan barguna, da yawansu ɗinkin matan al'ummar Amish, wasu Kiristoci manoma na yankin, domin tallafa wa 'yan kwana-kwana na sa-kai. Makarantun firamarensu ma sukan yi irin nasu. Shi kuwa ɗinkin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya kalli 'yan lifidi a hawan Sallah a Zazzau ya ga yadi biyu da aka sa wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki don kada ta gusa. Bargon da za ki yi haka yake: akwai fuska, wadda ita ce zanen yara, akwai ciki, akwai kuma baya.

Ga yadin zane, ki nemi fari na auduga zalla mai saƙa a matse, irin alawayyo ko akoko mai kyau, ki guji mai santsi da mai haɗin roba, domin kala ba ta kama su yadda ya kamata kuma ba sa jure zafin guga. Ki wanke shi kafin a sa masa almakashi. Wannan wanki ba na tsafta ba ne kawai: sabon yadi yana zuwa da sitaci daga masaƙa, wanda ke hana kala shiga zare, kuma auduga takan tsuke a wankin farko, gara ta tsuke tun tana yadi da ta tsuke bayan an gama ɗinki ta murɗe miki bargo. Haka za ki yi wa duk atamfar da za ta shiga aikin, musamman mai ja da mai shuɗi. Ki jiƙa ta ita kaɗai a bokiti, in kin ga tana zuba har bayan ɗauraya ta uku, ki ajiye ta gefe ki nemi wata, domin atamfa ɗaya mai zuba ta isa ta ɓata farin ƙyalle talatin.

Ga lissafin da zai dace da ajinki. A yanka kowane ƙyalle inci 9 tsawo, inci 9 faɗi. Ɗinki zai cinye rabin inci ta kowane gefe, abin da zai bayyana ya zama inci 8. A yadi mai faɗin inci 45, bayan ya tsuke a wanki, za ki samu ƙyallaye huɗu a kowane layi, don haka yadi biyu ne zai ba ki talatin da biyu cif, amma ki sayi yadi uku, saboda tsukewar wanki da kuma yaron da zai zubar da kala a kan nasa ya tsaya yana kuka. Za a jera su biyar a faɗi, shida a tsawo, a raba kowane zane da na kusa da shi da siririn layi na yadi mai launi ɗaya, wanda ake yankawa inci 3 ya fito inci 2. Idan aka kewaye duka da irin wannan siririn layi, sannan da atamfa mai faɗin inci 4, bargon zai tashi inci 60 a faɗi, 70 a tsawo. Turmin atamfa ɗaya zai ishe ki baya, har ki samu ragowar kama baki. Ina ba da shawarar layin da ke raba zanen ya zama mai duhu marar ado, kamar shuɗi mai turuwa ko ruwan ƙasa, domin zanen yara ya riga ya cika da hayaniyar launi, in aka ƙara masa atamfa mai manyan furanni a tsakani ido ba zai san inda zai tsaya ba.

Kafin ranar zane akwai wani ƙaramin aiki da yawanci ake rainawa, alhali shi ke raba bargo mai kyau da wanda ɗinki ya cinye wa rabin sunaye. Ki shimfiɗa kowane ƙyalle a kan kwali, ki manne gefunansa huɗu da salatif na takarda, ya rufe kamar inci ɗaya ta kowane ɓangare. Kwalin zai hana yadin motsi a ƙarƙashin hannun yaro, salatif ɗin kuma ya zama iyakar da ba zai tsallake ba. Faɗa da baki ba ya wadatarwa, domin yaro ɗan shekara takwas, in kika ce ya bar gefe, a gefen zai rubuta sunansa. Ki sa su fara gwadawa a takarda mai girman wurin da aka bar musu, ki kuma ƙarfafa musu su yi zanen da girma ya cika wurin, saboda yara da dama sukan yi ɗan mitsitsin abu a kusurwa su bar sauran fili fayau. Kada a yi wa aji duka a lokaci ɗaya. Ki riƙa ɗaukar yara biyar ko shida a tebur guda, da babba ɗaya a tare da su.

Ki ba su jigo ɗaya, amma mai faɗi, kamar gidanmu, ko gonarmu, ko abin hawa, ko bishiyoyin garinmu. A nan akwai abin lura. Wasu iyaye ba sa son hoton abu mai rai a cikin ɗaki, kuma ko da yake malamai sun yi saɓani a kan zanen da ke jikin yadi, babu dalilin da zai sa ki rasa mai saye a kan abin da za ki iya kauce masa tun farko. Jigon gini da tsiro da mota da dagi da zanen lalle ya isa ya ba yaro wurin nuna kansa. Haka kuma kada a rubuta aya ko sunan Allah a jiki, domin abu ne da za a iya shimfiɗawa a zauna a kai, a kuma jefa cikin wanki. Sunan farko na yaro ya wadatar, in kuma sunan irin su Abdullahi ne ko Abdurrahman, zai iya sa wanda ake kiransa da shi a gida.

Maganar kala ita ce inda aka fi yin asara. Kalar ruwa da yara ke amfani da ita a takarda tana fita tas a wankin farko, biro kuma yana yaɗuwa ya ɓata. Abin da ya dace shi ne maka, wato alƙalamin kala, ko fenti da aka yi musamman domin yadi, waɗanda ake samu a shagunan kayan zane, kuma a gari irin Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da sashen koyar da zane da na fasahar yadi, neman su ba zai yi wuya ba. Fentin akirilik ma yana kama auduga, sai dai in an lafta shi da yawa wurin yakan yi tauri ya tsage. Fentin mai na gini kuwa kada ya kusanci hannun yara, shi da kananzir ɗin da ake wanke shi da shi. Duk abin da kika saya, ki gwada shi a ƙyalle ɗaya tukuna, ki bar shi ya bushe, ki goge, ki wanke da omo ki ga abin da ya rage, kafin ki miƙa wa yara talatin. Bayan sun gama, a bar ƙyallayen su kwana su bushe sarai, a cire salatif, a ɗora wani farin ƙyalle a kan zanen, a danna dutsen guga mai zafi na 'yan mintuna ba tare da yayyafa ruwa ba, domin zafin ne ke zaunar da kalar a cikin zare. In dutsen gawayi ne, a kaɗe tokarsa a waje a rufe shi da kyau, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya huda zanen da ba za a iya maimaitawa ba.

Da yake kin ce ɗinkinki bai yi nisa ba, ki raba aikin biyu. Jera ƙyallayen naki ne: ki shimfiɗa su a tabarma, ki rarraba masu cikar kala da masu haske don kada nauyi ya taru a gefe ɗaya, ki sa wa kowanne lamba a bayansa da fensir, ki kuma ɗauki hotonsu da waya. Haɗawa a keke kuwa ki kai wa tela, kuma zai yi wuya a rasa tela ko mai ɗinkin zannuwan gado a cikin iyayen yara talatin. Ki nuna masa hoton, ki jaddada masa cewa rabin incin nan ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, ya haɗa layi-layi yana gogewa kafin ya haɗa layukan da juna, in ba haka ba kusurwoyi ba za su haɗu ba. Ga ciki, faiba mara kauri irin wadda masu ɗinkin kayan ɗakin amare ke amfani da ita ta fi dacewa, ko kuma wani siririn bargo wankakke. Ki guji audugar rimi da sakakkiyar auduga, domin sukan dunƙule wuri ɗaya bayan wanki, soso kuma yakan ruɓe ya zama gari. A ƙasa mai zafi irin tamu bargo mara nauyi ya fi shiga, ya kuma fi sauƙin ratayewa a bango.

Daga nan sai a shimfiɗa baya a ƙasa mai tsabta, a ɗora ciki, a ɗora fuska, baya da ciki su ɗara fuska da kamar inci biyu ta kowane gefe, a kama su da fil tun daga tsakiya zuwa baki. Tela zai iya bin layukan da ke raba zanen da keke, ba tare da ya ratsa ta kan zanen yara ba. Amma ni na fi son ɗauri da hannu: a sa zare mai kauri a babbar allura, a huda duka ukun a dawo, a ƙulla sau biyu a yanke, a kowace kusurwa da kuma kowane inci huɗu ko biyar. Aiki ne da iyaye mata shida za su gama a yammaci ɗaya suna hira, kuma duk wadda ta sa hannu a ciki za ta zo ranar sayarwa, ta kuma zo da mai gidanta. A ƙarshe a datse abin da ya yi saura, a kama baki da ragowar atamfa, a ɗinka wani ɗan farin ƙyalle a baya mai ɗauke da sunan makaranta da aji da shekara. Ki ba kanki mako shida kafin ranar taron, domin tela yana da nasa alkawuran.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ne ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar 'ya'yanmu. Na bincika a intanet na ga cewa a Amurka sau da yawa tikiti ake sayarwa, a jefa a kwali a zaro ɗaya, wanda ya dace ya tafi da bargon, kuma da alama hakan ya fi tara kuɗi. Da na kawo shawarar a zamanmu, wasu suka ce caca ce. Wani kuma ya ce in gwanjo za a yi, mu shirya mutum biyu a cikin taro su riƙa ƙara kuɗi don a zuga masu hali. Mene ne ra'ayinki?
Daga wani ma'aji a Gusau.

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Abokan zamanka da suka ce caca ce suna da hujja. Mutum ɗari sun biya, kowa yana fatan samu, ɗaya ya samu ta hanyar sa'a, sauran suka tafi hannu rabbana, wannan ita ce surar abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma kasancewar ribar za ta tafi ga gyaran aji bai sauya surar cinikin ba a wurin malaman da iyayenku ke saurara. A jihohin da ke aiki da shari'a, kamar Zamfara da Kano, caca laifi ce a doka. A Amurkar ma ba sakaka ake yi ba: kowace jiha da dokarta a kan wannan, kuma jihohin Utah da Hawaii ba su yarda da caca ba ko da sunan taimako. Ko da an ajiye duk wannan, ma'aji ya kamata ya duba cewa tsarin da zai sa rabin iyaye su ƙaurace wa taro, limamin unguwa kuma ya yi huɗuba a kai, ba tsarin tara kuɗi ba ne.

Gwanjo kuwa, wato a sa kaya a gaban jama'a a ce wa zai ƙara, ciniki ne da mafi yawan malamai suka halatta, kuma suna kafa hujja da ruwayar Anas da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar da shimfiɗar wani mabuƙaci da ƙoƙonsa ta wannan hanya, wani ya taya dirhami ɗaya, wani ya ba da biyu aka sallama masa. Amma shawarar dasa mutane su riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye za su yi ba, ita ce ainihin najashi, wanda hani a kansa ya zo a Buhari da Muslim. Ku yi watsi da ita. Gari ƙarami ne, maganar za ta fito, kuma wanda aka zuga ya biya ninki biyu bana ba zai sake halartar taronku ba.

Abin da zai ɗaga farashi ta hanya mai tsabta shi ne shiri. Ku rataye bargon a makaranta mako guda kafin taro, inda duk mai zuwa ɗaukar yaro zai gan shi, ku tura hotonsa a zauren WhatsApp na iyaye, ranar taron kuma yaran da kansu su ɗauko shi su shigo da shi, a ba uku ko huɗu dama kowa ya nuna nasa ya faɗi abin da ya zana. Ku lissafa abin da aka kashe a yadi da kala da ɗinki, ku fara tayi daga sama da shi, ku kuma faɗa wa jama'a ƙarara abin da za a yi da kuɗin, tagogi nawa, littattafai nawa. Mutane sun fi sakin hannu ga abin da za su iya zuwa su gani da idonsu. Sannan ka san halin taron ƙaddamarwa a ƙasar nan, inda akan yi alkawarin kuɗi mai yawa a gaban lasifika, bayan an watse a yi ta zarya ba a samu ko rabi ba. Ku sanar tun farko cewa bargon ba zai bar wurin ba sai kuɗi sun shiga hannu ko asusun ƙungiya.

Akwai wata matsala da gwanjo ke da ita wadda ya kamata ku yi tunaninta. Yara talatin ne suka yi aiki, gida ɗaya ne zai tafi da shi, kuma kusan kullum gidan mai kuɗi ne. Maganinta yana cikin dabarar nan ta barguna masu sunaye da na ambata a amsar da ta gabata. Ku bar fili a atamfar baya ko ku sa farin layi a kewaye, duk wanda ya ba da wani ƙayyadadden ƙaramin kuɗi a rubuta sunansa da makar yadi. Wannan ba caca ba ce, domin kowa ya san abin da ya biya ya kuma samu abin da aka ce zai samu, kuma yana ba mai ƙaramin ƙarfi damar shiga. Ba mamaki abin da za a tara ta nan ya kusa kamo na gwanjon. Za ku iya kuma ɗaukar hoton bargon mai kyau a buga kalanda a sayar wa kowane gida. Wani lokaci wanda ya saya yakan mayar wa makaranta kyauta a rataye a ofishin hedimasta, abin a yaba ne, amma kada a matsa wa kowa ya yi haka. Idan makarantar ta gwamnati ce, ku sanar da kwamitin kula da makaranta da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kafin ku karɓi ko sisi, bayan taro kuma ku manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa, da sa hannunka da na shugaban ƙungiya.

TAMBAYA: Ina gaisuwa, Hajiya. Ni malamin lakwal ne a wani ƙauye, kuma a nan ba mu da shagon da ke sayar da fentin yadi ko maka irin wadda ake faɗa. Akwai wata hanya da za mu bi da abin da muke da shi?
Daga wani malami a jihar Maraɗi, Nijar.

AMSA: Ina amsawa, Malam. Akwai, har guda uku. Mafi sauƙi ita ce kirayon, wato kalar kakin nan da yara ke zane da ita a takarda. Yaro ya danna ta sosai a kan farin ƙyallen auduga, sai babba ya sa ƙyallen tsakanin fararen takardu biyu ya bi da dutsen guga mai zafi. Za ka ga takardar tana yin dabbare-dabbaren maiƙo tana shanye kakin, launin kuma yana zama a zare. A riƙa sauya takarda har ta daina ɗaukar komai. Kada a yi amfani da jarida, domin tawadarta za ta koma kan yadin. Launin yakan ɗan yi sanyi bayan wanki, don haka irin wannan bargo da ruwan sanyi ake wanke shi, a shanya a inuwa.

Hanya ta biyu ta manyan yara ce, 'yan aji biyar da shida. Yaro ya zana abinsa da fensir, ya bi layin da allura da zaren kala irin na ɗinkin hula, ko a karɓo guntayen atamfa a wurin tela ya yanka siffar bukka ko bishiya ya ɗinka a kan farin. Wannan ya fi cin lokaci, amma ya fi kowanne ƙarko, domin babu abin da zai koɗe.

Ta uku ita ce rini. Kowane yaro ya ƙulle ƙyallensa yadda ya ga dama da zare, ya sa tsakuwa ko ƙwayar wake a cikin ƙullin, a rubuta lambarsa a kusurwa, a kai marina a tsoma a baba, irin aikin da karofin Ƙofar Mata a Kano ya shahara da shi. Ranar kwance ƙullin kowa zai ga abin da hannunsa ya fitar, kuma ba za a samu biyu masu kama ɗaya ba. Yara su tsaya a ƙulli kawai, tsomawa ta manya ce, musamman in rinin zamani ne da ake haɗawa da soda mai cin fata. A ɗauraye ƙyallayen har ruwa ya fita fari kafin a ɗinka, kuma kada a haɗa su da fararen ƙyallaye a bargo ɗaya. Da yake ku da mita kuke awo, inci 9 ya yi daidai da kusan santimita 23.

TAMBAYA: Hajiya, ajina yara tamanin ne. Shin in zaɓi zane talatin mafi kyau in bar sauran?
Daga wata malama a Bauchi.

AMSA: A'a, Malama, kada ki zaɓa. Yaron da ya zo ranar taro ya duba layi-layi bai ga nasa ba zai daɗe bai manta ba, kuma iyayen yara hamsin ɗin da aka bari ba su da dalilin buɗe aljihu. Za ki iya rage girman ƙyallen, a yanka inci 7 ya fito inci 6, a jera takwas a faɗi goma a tsawo da layin inci ɗaya a tsakani da kuma kewaye, bargon ya tashi inci 57 da 71, wanda kusan girmansa ɗaya da na aji mai yara talatin. Sai dai fili mai inci 6 ya yi wa ƙananan yara kaɗan, kuma ɗinkin ya fi wahalar daidaitawa. Abin da na fi so shi ne ki raba ajin biyu ki yi bargo biyu masu zane arba'in-arba'in, biyar a faɗi takwas a tsawo, da baya iri daban-daban, a yi gwanjonsu ɗaya bayan ɗaya. Wajen rabawar ki bi jerin sunaye na rajista, kada ki tara masu iya zane a ɗaya, kuma ki ajiye ƙyallaye biyu ko uku a kan kwalinsu saboda waɗanda ba su zo ranar zane ba.